NAZARI: Sana'ar Rabon Tallafin Gidauniyoyi Don Shirin Tunkarar Annoba

A farkon shekarar 2022 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ƙiyasta cewa annobar korona za ta jawo wa tattalin arzikin duniya asarar da ta haura dala tiriliyan 12 kafin ƙarshen 2024. A Nijeriya kuwa, tattalin arziki ya tsuke da kashi 6.1 cikin ɗari a rubu'i na biyu na 2020, lokacin da farashin gangar ɗanyen mai ya faɗo ƙasa da dala 20, aka kuma rufe kasuwanni da hanyoyin shiga jihohi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutanen da suka rasu sanadiyyar annobar a 2020 da 2021, kai tsaye ko a fakaice, sun kai kimanin miliyan 14.9.

A 2021 wani kwamiti da ƙasashen G20 suka kafa, wanda Dokta Ngozi Okonjo-Iweala ke cikin shugabanninsa uku, ya ba da shawarar a ƙara dala biliyan 15 a kowace shekara kan abin da duniya ke kashewa wajen shirin tunkarar annoba. Idan aka auna wannan adadi da asarar da aka tafka, ɗan kasuwa zai ga bai taka kara ya karya ba. Amma duk da haka ba a tara shi ba. Asusun Yaƙi da Annoba da aka kafa a ƙarƙashin Bankin Duniya a 2022 ya raba dala miliyan 338 ne kawai ga ƙasashe 37 a zagayensa na farko, cikin watan Yulin 2023.

Wani ɓangare na giɓin da gwamnatoci suka bari, gidauniyoyin masu hannu da shuni ne ke cike shi. A kowace irin wannan gidauniya akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne tantance inda kuɗin zai tafi: wane ɗakin gwaje-gwaje, wace jami'a, wace ƙungiya, nawa za a ba ta, kuma a kan waɗanne sharuɗɗa. Su ake kira jami'an rabon tallafi.

Daga kiri zuwa sari

Sana'ar ta samo asali ne daga Amurka. A farkon shekarun 1890, wasiƙun neman taimako sun yi wa attajirin man fetur John D. Rockefeller yawa har ya rasa yadda zai yi da su, sai ya ɗauki wani malamin coci mai suna Frederick Gates domin ya riƙa duba masa su. Shawarar Gates ita ce a daina kyautar kiri, wato a bai wa wannan sisi a bai wa wancan taro, a koma kyautar sari: a zaɓi matsala guda babba, a nemo ƙwararrun da za su iya tumɓuke ta daga tushe, a ɗauki nauyinsu na shekaru. A kan wannan tunani aka kafa Gidauniyar Rockefeller a 1913.

Yammacin Afirka na daga cikin wuraren da aka jarraba wannan tsari. A 1925 gidauniyar ta buɗe cibiyar binciken zazzaɓin shawara a Yaba, cikin Legas. Aikin ya ci rayuka: Adrian Stokes ya kamu da cutar ya rasu a Legas a 1927, Hideyo Noguchi ɗan ƙasar Japan shi ma ya rasu a Akara a 1928. Amma a cikin 1927 ɗin ne aka ɗebi jinin wani ɗan ƙasar Gana mai suna Asibi, aka ware ƙwayar cutar daga ciki, kuma daga wannan ƙwaya ce Max Theiler ya samar da allurar rigakafin shawara a 1937. Har yau jikokin wannan allura ake yi wa matafiya kafin a ba su katin rigakafi mai ruwan ɗorawa. Tsakanin buɗe cibiyar Yaba da samun allurar shekara 12 ne, kuma a duk tsawon wannan lokaci akwai jami'an da ke zaune a ofis a birnin New York suna yanke hukuncin a ci gaba da biya, alhali babu wani sakamako a hannu.

Manyan gidajen da ke wannan fage a yau su ne Gidauniyar Wellcome ta Ingila, wadda aka kafa a 1936 da dukiyar mai kamfanin magunguna Henry Wellcome, da Gidauniyar Gates da aka kafa a 2000, sai Open Philanthropy, wadda kuɗinta ya fito daga Dustin Moskovitz, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Facebook, da matarsa Cari Tuna, kuma ta sauya suna zuwa Coefficient Giving a 2025. Galibin irin waɗannan gidauniyoyi tamkar waƙafi suke: ana zuba jarinsu a kasuwannin hannun jari, a riƙa rabawa daga ribar. Dokar Amurka ta wajabta wa gidauniyoyi masu zaman kansu su fitar da aƙalla kashi 5 cikin ɗari na dukiyarsu a kowace shekara.

Yadda aikin yake

Wanda ya san aikin jami'in ba da rance a banki ya san rabin wannan sana'a. Shi ma jami'in tallafi yana karanta takardun masu nema, yana bin diddigin tarihinsu, yana ziyartar wurin aikinsu, yana duba littattafan kuɗinsu da rahoton masu binciken kuɗi. Yana tuntuɓar ƙwararru a asirce domin jin ra'ayinsu kan mai nema. Daga nan sai ya rubuta takardar shawara ga shugabanninsa, inda zai bayyana abin da ake sa ran samu, da abin da zai iya lalacewa, da dalilin da ya sa yake ganin a bayar. Idan an amince, sai a ƙulla yarjejeniya, a raba kuɗin kashi-kashi, kowane kaso ya dogara ga cika wani sharaɗi. Har kason da za a ware wa hidimar ofis, kamar wutar lantarki da haya da albashin akawu, akwai ƙa'idarsa; Gidauniyar Gates, alal misali, ta ƙayyade shi a kan kashi 15 cikin ɗari ga ƙungiyoyi masu zaman kansu.

Ɗaya rabin kuwa babu irinsa a banki. Rance yana dawowa ko ya nutse, kuma ko wanne ya faru jami'in banki zai sani. Tallafi ba ya dawowa. Babu riba, babu faɗuwa, babu abokin ciniki da zai yi fushi ya koma wani shago. Jami'in da ke zuba kuɗi a rariya zai iya yin shekara goma a kan kujerarsa ba tare da wani ya lura ba, domin duk wanda ya karɓa godiya zai yi, kuma rahotonsa na ƙarshen shekara zai ce komai ya tafi daidai. Mai riƙe da jakar kuɗi ba kasafai ake gaya masa gaskiya ba, saboda haka sai ya ƙirƙiro hanyoyin jin ta da kansa.

Open Philanthropy ta yi suna da tambayoyi uku da take yi kafin ta shiga kowane fage: girman matsalar, yawan masu kula da ita a halin yanzu, da kuma ko kuɗi zai iya motsa ta. Tambaya ta biyu ce ta fi jan hankalin ɗan kasuwa, domin ita ce ainihin neman kasuwar da ba ta cika ba. Misalin da aka fi kawowa shi ne yarjejeniyar haramta makamai masu ɗauke da ƙwayoyin cuta ta 1972, wadda ta fara aiki a 1975. Ƙasashe fiye da 180 sun shiga cikinta, amma ofishin da ke kula da ita a birnin Geneva ma'aikatansa ba su kai goma ba, kuma ba ta da sufetocin da za su shiga ƙasa su duba, tun da tattaunawar kafa su ta wargaje a 2001 bayan Amurka ta ƙi amincewa. A irin wannan wuri dala miliyan ɗaya na iya yin tasirin da miliyan ɗari ba za su yi ba a fagen da kowa ke tururuwa. A kan wannan lissafi ne gidauniyar ta bai wa Cibiyar Tsaron Lafiya ta Jami'ar Johns Hopkins dala miliyan 16 a 2017, shekara uku kafin ɓullar korona, lokacin da batun ba ya gaban kowa.

Akwai wata tambaya ta huɗu da ƙwararren jami'i ba ya tsallakewa: shin da ba mu bayar ba, wani zai bayar? Idan amsar e ce, to kuɗin gidauniyar ya sauƙaƙa wa wani mai bayarwa ne kawai, bai ƙara komai a duniya ba.

Auna abin da bai faru ba

Babbar wahalar fagen rigakafin annoba ita ce nasararsa ba ta da hoto. Wanda ya gina asibiti yana da ginin da gwamna zai zo ya yanke ƙyalle. Wanda ya hana annoba ɓarkewa ba shi da abin nunawa, domin abin da ya saya da kuɗinsa shi ne ranar da kasuwa ta ci lafiya lau kowa ya koma gida.

An yi ƙoƙarin samar da ma'auni. A watan Oktoban 2019 ƙungiyar NTI da cibiyar Johns Hopkins suka fitar da jadawalin shirin ƙasashe 195, inda matsakaicin maki ya kasance 40.2 cikin 100, Amurka kuma ta zo ta ɗaya. Bayan 'yan watanni korona ta iso, kuma Amurkan ta yi asarar rayuka fiye da miliyan ɗaya. Jadawalin ya ƙirga ɗakunan gwaje-gwaje da dokoki da tsare-tsaren da ke rubuce a takarda, amma bai iya hango ko shugabanni za su yi aiki da su ba, ko jama'a za su yarda da hukuma. Ma'aunin da ƙungiyar Resolve to Save Lives ta gabatar a 2021 ya fi kusa da aiki: a gano ɓullar cuta cikin kwana 7, a sanar da hukuma cikin kwana 1, a fara ɗaukar cikakken mataki cikin kwana 7. Amfaninsa shi ne ana iya gwada shi a kan kowace ƙaramar ɓarkewar kwalara ko sanƙarau, ba sai an jira babbar annoba ba.

Wani lokaci kuma ribar tallafi tana fitowa ne ta ƙofar da ba a zata ba. A 2012 Gidauniyar Gates ta taimaka wajen kafa cibiyar ɗaukin gaggawa ta yaƙi da cutar shan inna a Abuja. Ranar 20 ga Yulin 2014 Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ɗauke da cutar Ebola. Dokta Ameyo Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti, abin da ya zama sanadin ajalinta, sa'an nan aka ɗauko ma'aikata da tsarin cibiyar shan inna, ƙarƙashin Dokta Faisal Shuaib, aka shiga bin sawun duk wanda ya yi hulɗa da marasa lafiyar. Mutum 20 ne suka kamu, 8 suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta wanke Nijeriya. A Gini da Laberiya da Saliyo kuwa cutar ta kashe fiye da mutum 11,000. Babu takardar shawarar da aka rubuta a 2012 da ta yi alkawarin ceton Legas daga Ebola. Abin da aka saya shi ne mutanen da suka iya aiki da tsarin da suka saba da shi.

Wannan annoba ta Ebola ce ta haifar da ƙawancen CEPI, wanda aka ƙaddamar a Davos cikin Janairun 2017 da kuɗin Norway da Jamus da Japan da gidauniyoyin Gates da Wellcome, domin ɗaukar nauyin alluran rigakafin cututtukan da kamfanonin magunguna ba sa ganin riba a cikinsu. Ranar 23 ga Janairun 2020, ƙasa da mako biyu bayan an wallafa tsarin halittar ƙwayar korona, CEPI ta sanar da tallafi ga masu bincike uku, ciki har da kamfanin Moderna, wanda abin da ya samu bai kai dala miliyan ɗaya ba. Kuɗin kaɗan ne, amma ya zo kafin majalisun dokoki su zauna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'an sun iya yin sauri ne saboda sun riga sun san masu binciken. Haka nan shirin Fast Grants da Patrick Collison da Tyler Cowen da Patrick Hsu suka kafa a Afrilun 2020 ya ɗauki alkawarin ba da amsa cikin sa'o'i 48, a fagen da aka saba jiran watanni.

Tallafin da ke iya cutarwa

A yawancin fagagen agaji, mafi munin abin da zai faru shi ne kuɗi ya salwanta. A nan abin ya wuce haka. Ilimin da ke taimakawa wajen haɗa rigakafi shi ne kuma zai iya taimaka wa mai mugun nufi. A 2011 masu bincike biyu, ɗaya a Holan ɗaya a Amurka, suka sauya ƙwayar murar tsuntsaye har ta iya yaɗuwa ta iska tsakanin dabbobin gwaji, kuma aka shafe watanni ana taƙaddama kan ko ya dace a wallafa sakamakon. A 2018 wasu masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada suka wallafa yadda suka haɗa ƙwayar agana ta dawakai, 'yar uwar agana ta mutane, daga sassan da suka yi oda daga kamfani, a kan kuɗin da aka ce bai wuce dala 100,000 ba.

Don haka jami'in tallafi a wannan fage yana tambayar abin da takwaransa na fagen ilimi ko noma ba ya tambaya: idan aikin ya yi nasara, wa kuma zai amfana da shi? Masu ra'ayin taka tsantsan sun fi karkata ga abubuwan da ke karewa kawai, kamar ingantattun takunkumin fuska, da fitilun da ke kashe ƙwayoyin cuta a iskar ɗaki, da gwajin ruwan magudana domin gano cuta kafin asibitoci su cika, da tantance masu odar sassan halitta, aikin da aka kafa hukumar IBBIS a Geneva dominsa a 2024.

Akwai kuma amanar jama'a, wadda Kano ta san farashinta. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ya kai ga shari'ar da aka sasanta a 2009, kuma yana cikin hujjojin da aka kafa wajen ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Jami'in da bai duba takardar izinin kwamitin ɗa'a da ta amincewar iyaye ba, bai gama bincikensa ba.

Masu shiga sana'ar

Kujerun kaɗan ne ƙwarai. Galibin jami'an sun fito ne daga aikin likita, ko nazarin yaɗuwar cututtuka, ko ɗakunan gwaje-gwaje, ko ma'aikatun gwamnati. Wasu kuma daga tattalin arziki da harkar zuba jari, musamman jarin sababbin kamfanoni, inda aka saba da cewa tara cikin goma za su faɗi, ɗaya ya biya duka. Jeremy Farrar ya yi shekara 18 yana jagorantar cibiyar binciken cututtuka a Biyetnam kafin ya shugabanci Wellcome daga 2013 zuwa 2023. A Nijeriya, shirin horar da jami'an bin sawun cututtuka da aka fara a 2008 tare da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Ibadan yana samar da irin mutanen da suka san aikin daga ƙasa. Akawu da lauyoyi ma suna da gurbi, domin kowace yarjejeniya sai an rubuta ta, an kuma bi kuɗinta.

Wanda zai shiga ya kamata ya san cewa rijiyar na iya ƙafewa dare ɗaya. Asusun Future Fund na kamfanin kuɗin intanet FTX ya yi alkawarin miliyoyin daloli a 2022, da yawansu ga ayyukan rigakafin annoba. A watan Nuwamba kamfanin ya durƙushe, ma'aikatan asusun suka ajiye aiki, waɗanda aka yi wa alkawari suka tashi a tutar babu, wasu da suka riga suka karɓa kuma masu kula da karayar kamfanin suka nemi su mayar. A 2025 gwamnatin Amurka ta rushe hukumar agajinta ta USAID, ta kuma sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, sai masu neman tallafi suka yi cincirindo a ƙofar gidauniyoyi, waɗanda ko an haɗa su ba za su iya maye gurbin baitulmalin gwamnati ba. Bill Gates shi ma ya sanar a watan Mayun 2025 cewa gidauniyarsa za ta kashe dala biliyan 200 ta rufe a 2045.

A gida Nijeriya

Attajiran Nijeriya ba baƙin bayarwa ba ne. A watan Maris na 2020 Alhaji Aliko Dangote da marigayi Herbert Wigwe tare da Babban Bankin Nijeriya suka jagoranci ƙawancen CACOVID, wanda ya tara biliyoyin naira domin cibiyoyin killace marasa lafiya da kayan abinci. Wannan bayarwa ce ta bayan gobara ta tashi. Wadda ta fi kama da sari ita ce yarjejeniyar da gidauniyoyin Dangote da Gates suka ƙulla da Jihar Kano a 2012 kan alluran rigakafin yara, wadda daga baya ta haɗa da Bauchi, Borno, Kaduna, Sakkwato da Yobe. An buɗe asusu guda da kowa ke zubawa, kason jiha yana ƙaruwa kowace shekara, na gidauniyoyin yana raguwa, domin kada aikin ya mutu ranar da suka janye. Tsara irin wannan yarjejeniya da bin ta shekara bayan shekara shi ne ainihin aikin jami'in tallafi, kuma gidauniyoyin cikin gida masu irin waɗannan ma'aikata ba su da yawa.

A ɓangaren masu karɓa, cibiyar ACEGID ta Farfesa Christian Happi a Jami'ar Redeemer's da ke Ede, Jihar Osun, ta fara ne da kuɗin Bankin Duniya, kuma ita ce ta farko a Afirka da ta karanta tsarin halittar ƙwayar korona, a watan Maris na 2020. Abin da ke hana cibiyoyi da dama samun irin wannan dama sau da yawa littafin kuɗi ne, domin babu gidauniyar da za ta tura miliyoyi zuwa inda ba a iya fitar da rasidi. Saboda haka aka samar da ƙa'idar kula da kuɗin tallafi ta Afirka a 2018, wadda cibiya za ta iya auna kanta da ita kafin ta nemi kuɗi.

Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno a 1969, yana kashe mutane a kowace rani a jihohin Ondo da Edo da Bauchi da Taraba, kuma har yanzu babu allurar rigakafinsa da aka ba lasisi. Yana cikin cututtuka uku da CEPI ta sa a gaba tun 2017. Ta ɗauki nauyin wani bincike da ya bi mutane fiye da 20,000 a Nijeriya da Benin da Gini da Laberiya da Saliyo domin sanin ainihin yawan masu kamuwa, tun da ba za a iya gwada allura ba sai an san inda cutar take. A 2024 kuma aka fara mataki na biyu na gwajin allurar ƙungiyar IAVI a Abuja, shekara 55 bayan gano cutar.